Baffa Sallau da Binciken Manema Biyu

Sallau aikinsa a wani kamfanin manhaja a Kano shi ne rubuta littafin bayanin 'yan umarnin da kwamfuta ke nemo masu asusu da su: ka ba ta sunan mutum, ta kawo maka lambarsa da rukuninsa da inda kayansa suke. Gargaɗi guda ya fi ji da shi, har da ja ya rubuta shi: a kwano ɗaya injin yake zuba amsa, idan ka tambayi mutum na biyu ba ka kwafe ta farko ba, ta biyun ta haye kanta. Ya maimaita wannan magana har ta zauna masa a ka daram. Ana nan sai yayansa Haladu ya aike shi binciken manema 'yarsa Hajjo su biyu, wai tunda neman bayanin mutane ne sana'arsa. Akwai Malam Isuhu malamin firamare, wanda Hajjo ke mutuwar so, akwai kuma Ɗanjuma direban tirela. Sallau ya fara da unguwar malamin, ya ƙare da tashar direban, ya dawo yana ji da kansa. Aka tambaye shi labarin Malam Isuhu, ya ce ai ya saki mata uku, ba ya wanka sai ya sauka Legas, kuma a ƙarƙashin mota yake kwana. Ran Haladu ya ɓaci. Da yamma malamin, bawan Allah, ya zo zance da farar shaddarsa, aka kore shi kamar ɓarawon takalma.

Hajjo ta fito idanu sun yi jawur. Ta ce, "Baffa, don Allah a ƙarƙashin wace motar yake kwana? Mutumin da ko kekensa na aro ne?"

Sallau ya yi ɗan lissafi, sannan ya gyara zama, ko kunya babu. Ya ce, "To, na gano matsalar. Bayanin direban ne ya haye na malamin. Amma Yaya, laifinku ne. Kun tambaye ni mutum biyu a jere, ba ku kwafe amsar farko ba."

Haladu ya miƙe yana laluben takalmansa, zai je ba malamin haƙuri tun kafin magana ta kai ga iyayensa. Ya ce, "Wato mu ne ma da laifi."

"Ƙa'ida ce, Yaya. Injin da duk duniya ke aiki da shi ma haka yake yi, kuma ba wanda ya taɓa zaginsa."

Haladu ya dube shi daga hula har silifa, ya ce, "Shi injin ai da littafinsa ya zo. Kai kuwa haka Inna ta miƙo mana kai, ko 'yar takardar gargaɗi babu."