Ranar da Aka Tuɓe Mini Sarautar Dara

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin ɗiyar Hadiza, ƙanwar mijina, can garin Mai Yara.

Ni dai ba mai fita ba ce. A gidanmu na Dakoro, da an yi la'asar sai in tona gurabun dara a tsakar gida, mu zauna da Malam (mijina ke nan), ni da tsinke, shi da ƙwallon dabino. Kullum ni ke ci. Shekara da shekaru! Har tausayinsa nake ji.

To, a gidan biki sai na iske kakar ango, Inna Tabawa, tana dara da mata a gindin bedi. Bakina ya ƙi zama.

"Inna, ni fa ba a taɓa ci na ba."

"Madalla, ɗiyata, zauna. Wadda aka ci ita za ta daka geron furar baƙi."

Na ce na yarda (ban ko leƙa masakin geron ba, da na san girmansa).

Tsohuwar nan tana wasa tana dariya, tana taunar goro. Ni kuwa na haɗe rai, gumi na tsiyaya. Kafin in gyara ɗankwali ta jera uku, ta ɗauke mini tsinke. Ta sake. Na tura nawa, na ga na yi ɓarna, na ce, "Tsaya, ban saki ba!" kamar yadda nake wa Malam. Mata suka tuntsire da dariya. Ba a jima ba ta share ni tas.

"Wallahi a gida ni ke cin Malam!" in ji ni.

Sai Hadiza ta tafa hannu. "Haba matar yaya! Ai shi ya gaya mana. Ranar da ya taɓa cin ki, miya ba gishiri ya sha, kuma kika daina magana, ke da ba ki shiru. Tun ran nan ya tuba!"

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na daka gero har tafin hannuna ya yi bororo. Inna Tabawa ta zauna tana taya ni tankaɗe. "Ɗiyata, cin da aka yi mini ba ya ƙirguwa, kuma kowane da daɗinsa. Ke ba dara kike so ba, ci kike so."

Da muka koma gida na ce wa Malam ya daina raga mini. Yanzu kusan kullum shi ke ci, ina dariya, kuma hannuna ya fara faɗawa a dara da gaske. Gishiri ina sa shi daidai. Barkono ne dai wani lokaci hannu kan zarce.