Yadda Za Ka Yi Wa Ɗakin Mai Jego Fenti a Yini Ɗaya

Daga Funtua har Malumfashi babu magidancin da ya bi matakan nan ya ji kunya a gaban surukansa. Ban zaga na tambaya ba, amma na tabbata.

Mu ɗauka matarka Shafa'atu ta tafi wankan gida Gozaki, kuma jibi gwaggonninta za su dawo da ita da jaririn. Kai kuwa tun da ta ba da baya ka mayar da ɗakinta rumbu, buhunan masara sun jingina da bango har sun bar masa hotonsu. Abin da kake nema ɗaya ne, su shigo su ce ka iya riƙon 'yar mutane.

1. Kada ka damu da silin

Baƙin tabon nan na kusurwa yoyon kwano ne tun daminar bara. Masu ƙaramin tunani za su ce a toshe yoyon kafin a yi fenti. Rabu da su. Yanzu kaka ce, kuma fenti don rufin asiri aka yi shi.

2. A shago, kai ne masani

Alhaji Dogo mai fenti zai buɗe maka bokiti biyu. Zai ce, "Malam, wannan mai kauri ne, in ya bushe ko goge shi aka yi da tsumma ba ya tashi. Wancan kuwa farar ƙasa ce ta sha ruwa."

Ka dube shi da tausayi ka ce, "Alhaji, ai fari fari ne." Sannan ka ɗauki wancan ɗin. Bokitinsa ya fi girma, kuma an zana bene a jikinsa.

3. Ruwa ba ya ɓata komai

Bokiti ɗaya yana isar ɗaki da silin da zaure, in dai rijiyarka ba ta ƙafe ba. Tanimu mai shafa zai juya da sanda, ya ɗaga, ya ce, "Yallaɓai, wannan fa ya zama farau-farau. Sha za a yi ko shafawa?"

Ka tuna masa wanda ya je jami'a a tsakaninku.

4. Shafa ɗaya ta wadatar

Shafa ta biyu almubazzaranci ce. Haka kuma in bango ya bushe kada ka goga tafin hannunka don ganin ko zai biyo ka. Mai yawan bincike shi ke tono wa kansa.

5. Ranar tarba

Ka sa a shimfiɗa tabarma daf da bango, domin manya su samu majingini. Ka durƙusa daga bakin ƙofa ka gaida su. Gwaggo Marka, cikin baƙin mayafinta na zuwa biki, za ta jingina ta kalli silin ta ce, "Shafa'atu, mai gidan nan naki ya yi ƙoƙari. Ɗaki fes kamar asibiti."

Wannan ita ce nasarar. Ka riƙe ta da kyau, don ba za ta wuce la'asar ba.

In sun miƙe za su tafi, za ka ga bayan kowacce ya yi fari fat, hoton buhunanka kuma ya dawo bango a wuri uku. Naja'atu, ƙanwar matarka, za ta ce, "Yaya, fentin naka har rakiya yake yi? Bari mu ga ko zai kai mu Gozaki."

Ka fita ka nemo musu mota.

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko a bango, ko a tufafi, ko a zumunci. Mai ƙorafi ya nemi Shafa'atu. Ta ba gwaggonnin aron mayafanta sun tafi da su, yanzu tana bakin rijiya tana wanke na uku cikin waɗanda suka bari.