Ƙodojin Barista Saura-Ƙiris

Inna Safinatu ba ta manta alheri. Ranar da za ta dawo daga Shagari da ciwon ƙafa, Ubaidullahi ɗan maƙwabta ne ya bar mata kujerar gaba a mota. Har suka iso Bodinga yana bayyana wa fasinjoji cewa doka ba ta tilasta masa ba. Allah ya saka masa.

Yaron kirki. Shekararsa uku yana karatun lauya, amma tuni ya ɗinka baƙar riga, shi ya sa gari ke kiransa Barista Saura-Ƙiris. Bana ya zo hutu da wani kati a wuya kamar laya. Ya tara mutane a gindin dalbejiya.

"Jama'a, ku shaida! Ran da na cika, idanuna, zuciyata da ƙodojina na bayar ga al'umma. Ku kuwa da naku za a rufe ku, don rowa!"

Inna ta ce a ranta, ikon Allah, mai kyauta tun daga kabari.

Ana haka wansa Mode, mai noman albasa, ya kwanta. Likita ya ce ƙodojinsa sun gaji, sai wani ya ba shi guda. Aka gwada dangi, ta Barista ta dace tsaf. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya gyara riga, ya buɗe littafi mai kauri.

"Yaya Mode, da son raina ne, wallahi yanzu a yanka. To amma na sa hannu. Ƙodojin ga na al'umma ne, ni ajiya anka ba ni. In na taɓa guda, al'umma ka iya kai gawata ƙara."

Mode ya ce, "Ni ba al'umma ba ne?"

"Kai ɗan'uwa ne. Doka ta bambanta."

Ƙanwarsu Altine, mai saƙar tabarma, ba ta san doka ba. Ta ɗaura zane ta bi likita, ta ba da ƙodarta guda. Mode ya tashi.

Ranar da aka yanka ragon godiya, Barista ya yi jawabi a kan yadda gidansu ya zama abin koyi. Inna na kan tukunya. Ya matso, ya durƙusa da ladabi.

"Inna, don Allah in kin soya, ki aje min ƙodar. Duka biyun."