Ranar da Aka Kama Mai Layi Arba'in

Wani ne a wani ƙauye can ƙasan Haɗeja, ta hanyar Guri. Manomin shinkafa ne, kuma a duniya ba abin da yake so kamar a ce masa abu kyauta ne. Ko zazzaɓi aka ce ana rabawa, zai shiga sahu ya tambaya ko za a haɗa masa da na iyali.

Wata ranar kasuwa ya tarar da wasu mutum biyu zaune ƙarƙashin lema, da 'yar na'ura a kan tebur, da tulin bokitan roba a gefe.

"Baba, kana da katin ɗan ƙasa?"

"Ga shi a aljihu. Wanka ne kawai ke raba mu."

"To dangwala yatsa a nan, ka kalli nan, ka ɗauki bokiti."

"Na nawa?"

"Kyauta."

Ya dangwala, ya kalla, ya ɗauka. Bai tambayi me za a yi da yatsan ba. Su kuwa layukan waya suke yi wa rajista da sunansa, su sayar wa 'yan damfara. Kasuwa ta zagayo, ya koma. Ta sake zagayowa, ya riga masu lemar zuwa. Kafin damina ta kama yana da bokiti goma sha huɗu, ga shi akuya ɗaya ce tal a gidan.

Matarsa Mairam ta ce, "Malam, banza fa ba ta kai zomo kasuwa. Wa zai ba ka bokiti don kawai ya ga fuskarka? Ni da nake ganinta kullum ko ludayi ban taɓa bayarwa ba."

"Hassada ce, Mairam. Wata fuskar sai baƙo ke sanin darajarta."

Aka bar maganar a nan. Damina ta yi nisa, kogi ya cika ya tumbatsa, ambaliya ta kwashe masa gero da dawa. Abin da ya rage masa shi ne 'yar gonar shinkafarsa a fadama. Ita ce tuwon gidan na shekara, ita ce irin baɗi. Ƙwaya ta cika, saura mako guda a sa lauje, kuma daidai lokacin ne jan baki ke sauka. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, amma idan suka taso daga cikin ciyawar kacalla sai rana ta dushe. Manomi ya juya baya ya sha ruwa, ya juyo ya tarar da kara.

Don haka kowa a fadamar ya kafa rumfa mai tsayi a tsakiyar gonarsa. Daga rumfar igiyoyi ne suka bazu ko'ina, an rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Mutum ya hau tun hantsi bai yi ba, ya riƙa fizga yana ihu. Ba a sakin igiya. Ko salla sai maƙwabci ya karɓa maka.

Ashe a birni an kafa wata rundunar haɗin gwiwa, hukumomi bakwai, kowa da kalar kakinsa, don yaƙi da ta'addanci da damfarar intanet da gungun ɓarayi. Wata biyar suna taro suna shan shayi, har Allah ya sa suka gano layi arba'in da ake damfarar mutane da su duk sunan mutum ɗaya ne, fuska ɗaya, yatsa ɗaya. Suka ce lalle wannan shi ne uban tafiyar.

Gogan naka yana kan rumfa da safe sai ga kwalekwale uku. Mutum ashirin suka diro, suka nufo shi ta tsakiyar shinkafa da manyan takalma, suna tafiya a hankali wai kada ya gan su. Shi kuwa tun daga bakin kogi yake ƙirga su. Shugabannin tawagar uku ne, don manyan hukumomi uku a cikinsu kowace ta ƙi yarda a ce wata ce a gaba. Akwai mai tauraro a kafaɗa, akwai mai baƙin gilashi, akwai mai kwamfuta a jaka.

Mai tauraro ya ɗaga hoto. "Kai ne mai wannan fuskar?"

"Ni ne, Yallaɓai. Bokitin ne kuka biyo ni da shi har gona? Allah ya saka da alheri."

"Sauko."

"To. Wa zai riƙe mini igiya?"

Mai tauraro ya dubi mai gilashi. Mai gilashi ya ce shi na sashen ta'addanci ne, igiya kuwa ba makami ba ce. Mai kwamfuta ya ce ba ta aiki da lantarki, saboda haka ba huruminsa ba ne. Mai tauraro ya ce shi gungu yake kamawa, kuma sai masu igiya sun kai uku ake kiransu gungu. Wani daga baya ya ce shi na iyaka ne, ya duba, igiyar ba ta tsallaka Nijar ba. Aka yanke shawara za a rubuta wa hedikwata wasiƙa a kan maganar igiya.

"Yaushe amsa za ta zo, Yallaɓai?"

"Ba ta wuce wata uku."

Suka sauko da shi. Mai kwamfuta ya tsaya ya bi igiyoyin da kallo, daga rumfa zuwa kowace kusurwa, ya gyaɗa kai irin na wanda karatunsa ya yi rana.

"Kun gani? Cibiyar sadarwa ce. Daga nan yake aika umarni."

Ya bi wata igiya har ƙarshe, ya ciro gwangwanin madara, ya kara a kunne, ya ce halo sau biyu. Da ba a amsa ba ya ce sun kashe. Ya sa aka tsinke igiyoyin duka, aka tattara gwangwanaye a buhu a matsayin shaida.

Suka kai shi kan tudu, gindin wata goruba, daga inda yana hango gonarsa. Mai tauraro ya buɗe fayil. Sunanka, sunan mahaifi, sana'a, mata nawa, ka taɓa fita waje. Ya amsa da sauri, idonsa na kan kacalla. Aka gama, ya miƙe.

"Zauna," in ji mai gilashi, ya buɗe nasa fayil ɗin. "Sunanka?"

"Yanzu na faɗa wa wancan, Yallaɓai."

"Wancan hukumarsa daban."

"To ka leƙa takardarsa mana, ga ta nan kusa da gwiwarka."

"Sirri ne."

"Ba haɗin gwiwa kuka ce ba?"

"A kwalekwale muke haɗuwa."

Sau bakwai ya faɗi sunan mahaifinsa a ranar. Tun da tsohon ya rasu ba a taɓa tunawa da shi haka ba.

Yana kan na biyu kacalla ta motsa. Baƙin abu ya taso kamar hayaƙi. Duk fadamar ta ɗauki ƙarar gwangwani, kowane manomi yana fizga yana ihu. Gona ɗaya ce tsit, kuma jan baki ba wawaye ba ne. Na gonar gabas suka karkato, na yamma suka karkato, duk suka zube a tasa. Ya zabura ya buɗe maƙogwaro.

"Haaa!"

Mutum ashirin suka kife a taɓo. Mai kwamfuta ya kwanta a kan jakarsa. Can mai gilashi ya ɗago, rabin gilashin laka.

"Wa ka yi wa alama?"

"Jan baki, Yallaɓai. Sun sauka."

Mai gilashi baƙo ne a ƙasar, bai taɓa jin sunan ba. Ya lalubo biro. "Su nawa ne?"

"Allah kaɗai ya san adadinsu."

"Ina suke kwana?"

"Cikin kacalla. Ba mai iya shiga."

"Wa ke shugabantarsu?"

"Ba su da shugaba, ranka ya daɗe. Shi ya sa ba sa ɓata lokaci. Ga su can, don Allah ko bindiga ɗaya ku harba sama."

Mai gilashi ya bi yatsan da kallo, ya ga tsuntsaye. Ya goge biron a wando.

"Wannan na ma'aikatar gona ne," ya ce, ya rufe shafin. "Harsashi kuma sai da takarda. Ina muka tsaya? Mata nawa?"

Sai bayan azahar aka zo kan mai kwamfuta.

"Ina wayoyin?"

"Waɗanne?"

"Masu layi arba'in."

"Ni ko ɗaya ban taɓa saya ba. In zan gaisa da ƙanwata a Kafin Hausa, ta Gwadabe nake ara, shi yake danna mini."

Mai kwamfuta ya yi murmushin na-san-irinku, ya zaro tasa wayar ya miƙa masa. "Buɗe mu gani."

Gogan ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ga ba murfi. Ya sa farce a gefe ya fara ɓamɓara kamar mai ɓare gyaɗa. Da ƙyar aka ƙwace. Aka aika a kira Gwadaben, wanda gonarsa ke maƙwabtaka, ya zo ya ba da shaida. Gwadabe ya ce ko gwamna ne sai dai ya zo gindin rumfa, shi ba zai saki igiya ba. Daga sama ya ɗaga murya.

"Wannan? Ko rediyo matarsa ke kunna masa. Ku tambaye shi bokitai."

Nan fa labarin lema da na'ura ya fito. Shugabannin uku suka ja gefe. Sun gane an yi kuskure, amma kowa ya rantse ba hukumarsa ce ta yi ba. Suka yarda a kafa kwamiti. Kuma tunda ba a komawa hannu rabbana, aka baje gwangwanaye da igiyoyi a ƙasa, aka tsaya a bayansu za a ɗauki hoto. Wajen wa zai tsaya a tsakiya aka ƙara cin rabin sa'a.

La'asar sakaliya suka sallame shi. Ya gangara gona. Zangarniya ta farko da ya kama ba ƙwaya ko ɗaya. Ta biyu haka. Inda tsuntsu ya raga, takalmi ya gama. Ya tsaya a tsakiyar kara, hawaye na zuba, yana tunanin da wane baki zai gaya wa Mairam. Jan baki kuwa sun ƙoshi har tashi na yi musu wuya, suna komawa kacalla a jere, ba mai ture wani.

Mai tauraro ya biyo shi har nan, ya dafa masa kafaɗa, ya miƙa masa ɗan kati.

"Ka yi haƙuri, Baba, aikin ƙasa ne. Ga lambarmu. Duk ranar da ka ga wani gungu yana ɓarna, ka kira. Yau ai ka ga yadda rundunar haɗin gwiwa ke aiki."

Ya karɓi katin, ya goge ido da shi, ya dubi kacalla.

"Na gani, Yallaɓai. Guda biyu suka sauka a gonata yau. Waccan ce dai ta san abin da ta zo yi."