Ɓawon Ƙwan da Ya Kusa Raba Ni da Maman Ladi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da maciji ya tozarta ni a gaban 'yan gidan hayarmu a Mpape ba.

Ina kiwon tantabaru a bayan ɗakina. Kawai sai ƙwai ya fara ɓacewa, ɓawon kuma in tsince shi a ƙasa a matse, a nannaɗe kamar da hannu aka yi, ko ɗigon gwaiduwa babu. Ɓera ba ya aiki mai tsafta haka. Nan take na yanke hukunci cewa asiri ake min. (Ni da keken ɗinki ɗaya na mallaka, me za a yi wa asiri?)

Zargina ya faɗa kan Maman Ladi, maƙwabciyata 'yar Filato, matar da ta kwana da ni a asibiti ranar da na haihu. Laifinta kawai na taɓa ganin tana leƙa akurkin.

Ranar Asabar ana sharar tsakar gida na juye ɓawon a gaban kowa. Na ce, "Maman Ladi, me na tsare miki?"

Ta saki tsintsiya. "Haba Maman Aisha, ni?" Idonta ya cika da ƙwalla.

Na ja mutane zuwa akurkin in nuna musu inda ake binne min asirin, na ɗaga murfi. Innalillahi! Wani siririn maciji ne, kansa bai fi yatsana ba, ya haɗiye ƙwai sukutum, wuyan ya kumbura kamar an cusa lemo a safa. Duk muka sandare. Ya murɗa jiki, muka ji ƙas, kumburin ya sace. Can ya wangame baki ya amayo ɓawon a nannaɗe, sak irin wanda na juye.

Sai ya juyo wajena. Na kurma ihu, na daka tsalle, ban san sanda na ɗare bayan Maman Ladi ba, zanina a hannu.

"Sauka, za ki karya ni!" in ji ta. "Wannan ko haƙorin kirki babu shi, balle dafi. Ƙwai kawai yake ci, ƙashin wuyansa ke fasawa. A ƙauyenmu ko kallonsa ba a yi."

Gida ya kece da dariya, ita kaɗai ce ba ta yi ba. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tsoron na rasa ta. Sai da na daɗe ina zarya ƙofarta da ban haƙuri kafin ta sake amsa gaisuwata.

Tun ranar na koyi darasi: kafin ki zargi maƙwabciya, ki tabbata ba bayanta za ki hau ba in rana ta ɓaci.