Gwajin Dakta Saura-Kiris a Kan Danginsa Ashirin

"Ni fa, a ba ni ɗaki biyu da agogo ɗaya, in zazzage muku ƙwaƙwalwar ɗan'adam kamar jakar hannu!"

Haka Dakta Saura-Kiris yake cika baki a ƙofar sashen nazarin halayyar ɗan'adam, yana tura tabarau da ɗan yatsa. Kada sunan ya ruɗe ku, jama'a, ba Dakta ba ne. Shekara shida yana fama da digiri na uku, duk wanda ya tambaya sai ya ce saura kiris, har abin ya bi shi. Bana Farfesar da ke duba aikinsa ta ja masa layi: ko ya kawo gwajin da za ta sa wa hannu, ko ya tattara takardunsa.

Abin da zai gwada shi ne, wai yabo yana ƙara ƙarfin tunawa. Mutum ashirin za a raba gida biyu da ƙuri'a. Ɗaki guda a zuba musu yabo, ɗaya ɗakin ko sannu. A karanta wa kowa kalmomi ashirin, su rubuta abin da suka riƙe, a kwatanta. Sharaɗi ɗaya Farfesa ta nanata har sau uku: kada waɗanda ake gwadawa su san abin da ake nema.

"Ranki ya daɗe, wannan ai 'yan aji ɗaya ake gaya wa," in ji gogan.

Ya liƙa sanarwar neman waɗanda za a gwada, sati biyu ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Ɗalibai ba su manta gwajinsa na bara ba, da ya kulle su awa uku ya ɓatar da makulli. Sai ya garzaya gida ya kwaso dangi, ya cika bas.

To, bakin Saura-Kiris famfo ne da ya lalace. Motar ba ta kai titi ba ya miƙe tsaye.

"Ku saurara ku ƙaru. Waɗanda na yaba za su tuna, waɗanda ban yaba ba za su manta. In haka ta fito, na zama Dakta."

"In ba ta fito ba fa?" in ji Gwaggo, yayar babansa, wadda ko direban sai da ta gaya masa hanyar da zai bi.

"Sai su kore ni. Amma ni? Haba, Gwaggo!"

Gwaggo ta dubi Kawu, Kawu ya dubi taga. Shi kuwa ya ɗauka kwarjinin ilimi ne ya rufe musu baki.

Da aka zo ƙuri'a, ya zuba ƙananan takardu a kwali. Gwaggo ta karɓe kwalin ta zauna a kai.

"Kai Kawu, kunnenka ya yi nauyi, wuce ɗakin mantuwa. Ke amaryar gidanmu, idonki a buɗe yake, yi nan."

"Gwaggo, a kimiyyance ƙuri'a ce take raba..."

"Kimiyya ce ta goya ka ko ni?"

Ya rubuta a littafinsa: an raba da ƙuri'a.

Ya shiga ɗakin yabo, ya gyara murya, ya fara da matar yayansa. "Ke mace ce mai kaifin basira."

"Yau kuma? Jiya ba ka ce kaina rariya ba ne?"

Bangon katako ne shafal, sai ga muryar Kawu daga can: "Mu kuma gumaka ne? A yabe mu mana!"

Ya dai karanta wa kowane ɗaki kalmomin, ya saita agogo, ya fita baranda yana buga waya, yana gaya wa abokai su fara koyon kiransa Dakta zalla.

Sakamako ya fito kamar an zana da rula. 'Yan yabo ashirin bisa ashirin, su duka. 'Yan ɗaya ɗakin sifili, har da ƙanwarsa mai kantin magani, wadda take riƙe da sunan ƙwaya ɗari biyar a ka. Saura-Kiris ya rungume takardun har da ƙwalla.

Ranar gabatarwa ya cika bencin baya da dangi, su zo su ga ɗaukaka. Farfesa ta daɗe tana kallon allon, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin mutum goma sun manta komai tare ba. Sun san abin da kake nema?"

"Ko kusa, ranki ya daɗe!"

"Ka tabbata ƙuri'a ce ta raba su?"

"Tsantsarta!"

Sai ga hannu a sama daga baya. Gwaggo ce ta miƙe tana gyara mayafi, fuska cike da alfahari.

"Malama, kada ki ga laifin yaron, mu mun yi iya ƙoƙarinmu. 'Yan ɗakin mantuwa su suka fi wahala. Su suka rubuta kalmomin tsaf suka miƙa mana ta taga, sannan suka zauna suka manta. Wannan mai maganin har kuka ta yi kafin ta yarda ta ci sifili."

Farfesa ta mayar da murfin alƙalaminta, ƙas, ta jefa shi a jaka.

"Gwaggo," in ji Saura-Kiris da muryar ɗan tsako, "wa ya sa ku?"

"Wa zai sa mu, ɗan nan? Ai tun kana firamare haka muke yi maka."