Gaisuwar Suruki a Kan Bel

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da inji ya ɗauke ni ina tsakiyar gaida surukina ba.

A lokacin ina aiki a wata mangazar aya, wato babban ɗakin ajiyar kaya, a Agiye. Alhajin da ke da wurin ya sayo wani dogon bel na baƙar roba mai aiki da wuta. Sai a ɗora buhu a ƙasa, shi kuma ya haura da shi a hankali har cikin babbar mota. Mutumin da kamfani ya turo ya haɗa shi akwai surutu, ni kuma akwai kunne. Ya ba mu labarin yadda kamfaninsu ya fara da ƙananan bel na injin niƙa, daga baya ya koma yin manya na masana'antar siminti da ramukan ma'adinai, da masu tudu-tudu don kada kaya su zame, har da farare na wurin sarrafa abinci. Na haddace kaf.

Duk Juma'a sai in hau kabu-kabu in tafi zance wurin Hadiza, a wani ƙauye gefen Gazawa, in juye mata wannan tarihi kamar kakana ne ya kafa kamfanin. (Aikina na gaskiya shara ne da danna maɓalli: kore ya tashi, ja ya tsaya.) Ita dai sai ta rufe baki da mayafi ta ce, "To, injiniya." Ni kuwa in ƙara gyara zama.

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Idi. Dattijo ne manomi, marar yawan magana, kuma game da ni bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da kawai ya iso kunnena shi ne ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga baki, sai ga natsuwa. Ina son yarinyar nan har ina jin tsoron abin, don haka na ƙudura duk ranar da muka haɗu zai ga natsuwa iya ganinsa.

Ranar kasuwa, da hantsi, aka ɗauke wuta. Na tuɓe takalmi na hau gindin bel da tsintsiya ina share yashi, na manta ban danna ja ba. Sai na ji sallama. Na ɗaga kai, ga Malam Idi a ƙofa, ya kawo ayarsa a amalanke. Ban tsaya tunani ba. Inda nake nan na zube na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Baba?"

"Lahiya lau, yaro. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya mutanen gida?"

A daidai nan aka dawo da wuta.

Na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashina. Ya kamata in yi tsalle in sauka, ko ɗan yaye ya san haka. Amma ta yaya zan miƙe a gaban suruki bai gama gaisuwa ba? Ta yaya zan ba shi baya? Sai na ƙara ƙanƙame gwiwa, bel yana tafiya da ni kamar buhu. Shi kuma Malam Idi, mutumin da bai taɓa yanke gaisuwa a rayuwarsa ba, sai ya biyo ni a gefe da sandarsa yana ɗaga murya.

"Ya tsohuwa da ƙahwa?"

"Da sauƙi, Baba!"

"Ya munka ji da zahi?"

"Lokacinsa ne, Baba!" (Wannan daga sama na amsa, ina hangen saman hularsa.)

Ban ji tambaya ta gaba ba, don na riga na faɗa cikin mota a kan buhuna, ƙafafu sama, tsintsiya a hannu. 'Yan dako kuwa ba wanda ya iya kai hannu ga maɓalli, kowa ya riƙe ciki don dariya. Na kwanta a nan ina roƙon Allah direba ya ja motar ya wuce da ni Kano.

Juma'ar nan ban je zance ba. Na sallama Hadiza a raina, na yi kukana a ɓoye. Sai ga kawuna ya zo yana murmushi, wai Malam Idi ya ce a turo. Ga yadda ya faɗa, in ji kawu: "Yaron da inji ya ɗauka bai yanke mini gaisuwa ba, ba ya wulaƙanta ɗiyata. Amma ku ce mishi ya rage ƙarya, na ga tsintsiya."

Daga nan har tsufansa, duk da kunyar da ke tsakanin surukai, in na je gaishe shi sai ya taɓa ƙasa da sanda tukuna ya ce, "Wanga wuri ba ya tahiya ko? To, mu gaisa." Hadiza na cikin ɗaki tana shaƙewa da dariya, ni ina zufa. A lokacin haushi nake ji. Yanzu ba abin da nake kewa kamar wannan.

Mangazar ta rufe tuni, bel ɗin ma masu gyaran takalmi sun yayyanka shi. Malam Idi ya rasu a damanar bara, Allah ya jiƙansa.

Darasin da na koya ƙarami ne: kafin ka durƙusa wa babba, ka duba abin da ke ƙarƙashinka. Har yau ina dubawa. Ina zuwa gidan in durƙusa a ƙofar ɗakinsa saboda sabo, ƙasa tana nan daram, amma ba mai tambayata gajiya.